Ƙaramar likita na son koyon aikin yoyon fitsari, 'yan gida sun ce ba riba

Dakta Ƙarama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe a aikin asibiti. Na gama horon shekara ɗaya, ina jiran bautar ƙasa. Zuciyata ta karkata ga ɓangaren mata, a cikinsa ma aikin gyaran mafitsara da abin da ke kewaye da ita nake so: yoyon fitsari, saukowar mahaifa, ƙarin haihuwa da ya kai har dubura. Da na faɗa a gida, Yaya babba ya ce wai na sha wahalar karatun shekara shida don in ƙare a ɗakin da ke zarnin fitsari, wajen matan da ko kuɗin mota ba su da shi. Ya ce in nemi ɓangaren masu neman haihuwa, can kuɗi yake. Umma ba ta ce komai ba, amma na san irin shirunta. Don Allah akwai wanda ya san wani da ya ƙarar da rayuwarsa a wannan aikin?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Yayanki bai yi ƙarya ba fa, ƙanwata. Lada daban, cefane daban. Ki yi tunani da kyau.

Anti Nas Mai Ritaya: Baban Khalifa, bari yarinya ta ji amsar tambayarta tukuna. 'Yata, je ki nemi labarin Dakta Kees Waaldijk. Mutumin Holan ne, ya zo Katsina a 1983, kuma ba don mata ya zo ba, aikin kutare ya kawo shi asibitin Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari. Can ya tarar da mata masu yoyo, ba mai kula su. Daga 1984 ya fara yi musu aiki, sai abin ya zama sana'arsa fiye da shekara talatin. Ayyukan da ya yi da hannunsa sun haura 20,000. Bai tsaya Katsina kaɗai ba, a mota yake zagayawa Kano, Zariya, Sakkwato da sauran wurare, ya yi aiki ya koyar ya dawo. Wannan asibitin kutaren da mutane ke ƙyamar bi ta ƙofarsa, yau shi ne cibiyar gwamnatin tarayya ta yoyon fitsari, tare da ta Ningi a Bauchi da ta Abakaliki a Ebonyi.

Ni ban yi aiki a Babbar Ruga ba, amma na daɗe a ɗakin masu yoyo, kuma tsarin da muke bi daga wajen waɗanda ya horar muka karɓe shi. Allurar ƙashin baya ake yi, mace idonta biyu. Ta ƙasa ake yawancin aikin, ba a farka ciki. Washegari an tashe ta tsaye. Za ki gan su a baranda suna tafiya a hankali, kowacce da robar fitsari ta sauko ta ƙasan zani cikin ɗan kwano da ta riƙe a hannu, ɗaya hannun kuma kofin ruwa. Aikinmu mu nas rabinsa ke nan: sha ruwa, sha ruwa, leƙa kwano. In fitsarin ya yi fari tas hankalinmu kwance. In robar ta toshe cikin dare ba a lura ba, mafitsara ta cika, ɗinkin da likita ya yi awa biyu a kansa sai ya ɓalle.

Malam Auwalu: Ni dai ina da magana, Hajiya, kuma a yi min uzuri. Duk lokacin da aka tayar da zancen yoyon fitsari sai a ɗauko Bature a ɗora a sama, daga nan a gangaro kan auren wuri a zage mu da addininmu. Iyayenmu an yi musu aure da wuri, sun haifi goma-goma lafiya lau. Me ya sa ba a maganar asibitin da babu wuta, babu jini, babu likita da daddare?

Maman Hanifa: Malam, waɗanda suka haifi goma lafiya su ne suka rayu muka gan su ai. Waɗanda suka tafi a haihuwar fari fa, wa ya ƙirga su?

Malam Auwalu: Wannan kuma kwana ne ya ƙare.

Dakta Babba: Malam Auwalu, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin mai nauyi. Bari in faɗi yadda ciwon ke samuwa, sai kowa ya yi wa kansa hukunci. Naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya sauko ya kafe a ƙugu, ya danne mafitsara da ƙashin gaba. Naman da ke tsakani jini ya daina kai masa. In aka kwana biyu ko uku a haka, naman ya mutu. Yawanci jaririn ma ya rasu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, sai ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da farji, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. In ta baya aka danne, bayan gida ne zai riƙa fitowa. Wasu kuma ƙafa ta shanye, suna jan ta, saboda jijiyar da aka danne.

To abin da ke hana wannan duka tiyata ce a kan lokaci. Turai da Amurka ma sun yi fama da shi. A birnin New York an buɗe asibitin mata a 1855 wanda babban aikinsa gyaran yoyo ne, filin da ya koma daga baya yanzu otal ɗin Waldorf Astoria ne a kai. Ciwon ya ɓace musu ne da mace ta samu mai ciro mata ɗa in naƙuda ta gagara. Nan ka yi gaskiya. Kuma ina ganin matan da sai a haihuwa ta shida ko ta takwas abin ya same su, ba yara ba ne.

Amma yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga rashin abinci mai gina jiki tun tana ƙarama, ta fi shiga haɗarin kafewar kai. Ita ce kuma ke jin kunyar cewa naƙuda ta fara, ita ce ba ta da bakin cewa a kai ni asibiti sai an jira miji ya dawo daga kasuwar ƙauye. Ban ce a zagi kowa ba. Sannan ga yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami ke yi da aska wai a buɗe hanya, aska ta zarce ta huda mafitsara ko ta tsarge bututun fitsari. Wannan kam ba rashin wutar asibiti ya kawo shi ba.

Malam Auwalu: Yankan gishiri kam ba na kare shi, jahilci ne. Sauran maganar zan duba.

Dakta Ƙarama: Ranka ya daɗe, na gode. Amma tambayata na nan. In kai ne a matsayina yau, za ka shiga?

Dakta Babba: Zan shiga, amma ba ta ƙofar da kike hange ba. Kada ki ce daga bautar ƙasa sai ɗakin masu yoyo. Ki ci jarabawar share fage, ki shiga horon ƙwarewa a ɓangaren mata da haihuwa, ko ɓangaren mafitsara in shi ya fi miki, ki samu takardar kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Da wannan a hannu ba mai raina ki, albashinki na babbar likita ne, kuma kina iya duk aikin da Yayanki ke hango miki kuɗi a ciki. Sannan ki je cibiya ki zauna ƙarƙashin wanda ya iya. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, tana da tsarin horo mataki-mataki na wannan aikin.

Abin da nake so ki ɗauka daga tarihin Dakta Kees ba yawan adadin ba ne. Mutumin rubutu ne. Kowace mace da ya yi wa aiki sai ya rubuta girman ƙofar, inda take, abin da ya yi, da yadda ta ƙare. Daga wannan tarin bayanin ya fitar da rabe-raben da har yau ake kira da sunansa: nau'i na ɗaya, wanda bai taɓa wurin da ke riƙe fitsari ba, nau'i na biyu, wanda ya taɓa shi, da rassansa gwargwadon yadda bututun fitsari ya lalace, nau'i na uku, sauran, kamar wanda ya shafi jijiyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Amfanin wannan, tun kafin ki ɗauki almakashi kin san wanda za ki iya da wanda ya fi ƙarfinki.

Kuma ki riƙe wannan: aikin farko shi ne ya fi damar warkewa. Duk ɗinkin da ya ɓalle tabo yake bari, naman ya ƙara tauri, ya ƙara gajarta, kamar tsohon zanin da ake ta yi wa faci har allura ta rasa inda za ta kama. Likitan da ya ga aiki biyar ya ce shi ma bari ya gwada hannunsa, ya cuci matar fiye da yadda yake zato.

Maman Hanifa: Wallahi Dakta kamar ka san abin da ya samu 'yar ƙanwar mamanmu. Wani asibitin kuɗi aka fara kai ta, ba zan kama suna ba, aka sayar da akuyoyi da gona guda aka biya, aka yi aiki sau biyu, yoyo na nan. Ta dawo gida ta daina shan ruwa wai don zubar ta ragu, fitsarin ya zama ja mai kauri, cinyoyinta duk suka saɓule. Ɗakinta daban, tabarmarta daban, kullum tsummokara a kan igiya bayan ɗaki, turaren wuta har ya fi ƙarfin hanci amma bai ɓoye komai ba. Biki ba ta zuwa, suna ba ta zuwa. Abin da ya fi ci mata rai ma sallah, ta ɗauka ba ta da tsarki, ta daina yi. Sai daga baya aka kai ta cibiyar gwamnati. An rufe ƙofar, amma har yau in ta tashi tsaye da sauri sai ya ɗan zubo.

Malama Ummu Sumayya: Innalillahi. Don Allah duk mai irin wannan 'yar'uwa a gaya mata sallah ba ta faɗi a kanta ba. Malamanmu sun yi bayanin mai yoyon fitsarin da ba ya yankewa, hukuncinsa na mai uzuri ne. A Risala ma an ce an so ya yi alwala ga kowace sallah. Ta yi ƙunzugu mai tsabta, ta yi alwala, ta yi sallarta. Ba za a haɗa mata ciwo da yanke ta daga Ubangijinta ba.

Dakta Babba: Maman Hanifa, abin da kika faɗa a ƙarshe shi ne ɓangaren da ya fi ba mu wahala, kuma shi ne dalilin da ya sa nake so Dakta Ƙarama ta koyi aikin gaba ɗaya, ba ɗinke ƙofa kaɗai ba. Rufe ƙofa daban, riƙe fitsari daban. Sai mu zuba ruwan shuɗi a mafitsara mu ga bai fito ta ko'ina ba, mu ce aiki ya yi, matar kuwa ta tashi fitsari na bin ƙafarta ta hanyarsa ta asali, don tsokar da ke matse bututun ta lalace tun a naƙudar. A takarda ta warke, a wajenta ba abin da ya sauya. Shekarun baya na aikin Dakta Kees da yawa a kan wannan ya ƙarar da su, nazarin yadda naman da ke tallafe da mafitsara da mahaifa yake da yadda za a mayar da shi mazauninsa. A mayar da 'yar'uwarku cibiyar a sake duba ta, akwai abin da ake iya yi wa wasu.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu ma nan wajenmu akwai. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe wurin aikin yoyo a 2012, kuma shi ma jikin gidan likitan kutare yake, kamar na Katsina. Akwai a Damagaram, akwai babbar cibiya a Yamai. Mata na ƙetarowa ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu su zo nan, wasu su tafi Katsina, duk inda suka ji labarin hannun lokotoro ya fi kyau.

Baban Khalifa: To ni abin da ke ɗaure min kai, me ya sa kullum baƙo ne? Habasha ma na ji wata Baturiya ce.

Anti Nas Mai Ritaya: Dakta Catherine Hamlin, 'yar Ostireliya. Ita da mijinta suka je Habasha a 1959, suka buɗe asibitin masu yoyo a Addis Ababa a 1974, ta rasu can a 2020 tana da shekara 96. Amma ka san wata Mamitu Gashe? Yoyon ne ya kai ta wajensu tana yarinya, aka yi mata aiki, ta zauna tana taimakawa, ba ta yi makarantar likita ba, ta zama cikin gwanayen aikin har tana koya wa likitoci. Kuma a nan gida, wa kake zaton yana aiki yau a cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da Gesse a Birnin Kebbi, da Gambo Sawaba a Zariya? 'Ya'yanmu ne. Ba a sa su a jarida ne kawai.

Injiniya Sadiq: Ni a ganina duk wannan tarar ruwa ne a ƙasa alhali rufi na zuba. Mutum ɗaya ya yi aiki 20,000, sababbi na ta zuwa. Da Dakta Ƙarama ta tafi ƙaramin asibitin ƙauye tana yin tiyatar haihuwa a kan lokaci, ba ta fi amfani ba? A Nuwamban 2024 ministan lafiya ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu buƙata. Can ya kamata a zuba ƙarfi.

Dakta Babba: Injiniya, ba na musun rigakafi. Amma wadda ta riga ta samu fa, mu ce mata ta yi haƙuri an koma rigakafi? Sannan ga wani abu da ba a son faɗa: yanzu wani kaso na yoyon da muke gani daga ɗakin tiyata yake fitowa. An yi wa mace tiyatar haihuwa ko cire mahaifa a hannun wanda bai ƙware ba, ko cikin duhu da fitilar waya, aka ɗinke mafitsara ko aka yanke jijiyar ƙoda. In aka yawaita tiyata ba a yawaita gwanaye ba, irin wannan zai ƙaru. Likitar da ta san mafitsara ciki da bai ita ce za ta koya wa na ƙauyen yadda zai kauce mata.

Abin da ni ba na so shi ne gangamin mako guda na ɗaukar hoto. A tara mata ɗari, a kawo masu aiki daga nesa, a yanka, a raba atamfa da keken ɗinki, kowa ya watse. Wa zai duba robar a kwana na goma? Wa zai gan ta bayan wata uku? Na 2005 da aka yi na mako biyu a Kano, Katsina, Sakkwato da Kebbi, inda aka yi wa mata fiye da 500 aiki, ya yi tasiri ne don akwai cibiyoyi da mutanen da za su ci gaba bayan an naɗe tabarma.

Injiniya Sadiq: Na karɓi ta tiyatar da ba gwani. Amma har yanzu ina kan bakana, kuɗin rigakafi ya fi na gyara albarka.

Shugabar Zaure: Wata 'yar'uwa ta turo min ta gefe, ta ce a sakaya sunanta. Haihuwarta bakwai, duk a gida lafiya. Yanzu in ta yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi sai fitsari ya ɗan fito, kuma tana jin wani abu kamar ƙwallo yana saukowa ta gabanta in ta daɗe a tsaye ko ta ɗauki bokiti. Tana tambaya ko shi ne yoyon da ake magana.

Dakta Ƙarama: Ranka ya daɗe, in gwada amsawa ka gyara min? Hajiya, ga alama ba shi ba ne. Mai ƙofa fitsarinta ba ya tsayawa, ko tana kwance ko tana barci. Naki ya fi kama da sakin tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa, yawan haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi da shekaru ke sa su saki. Abin da kike ji yana saukowa zai iya zama mahaifa ko bangon mafitsara. Akwai atisayen matse wurin, kamar kina riƙe fitsari ko tusa, ki saki, ki maimaita, kullum har watanni. Akwai zoben roba da ake sawa ya tallafe. In ya yi nisa akwai aiki. Amma sai an duba ki, kuma ki daina matsin gargajiya da cusa abubuwa.

Dakta Babba: Ban da abin gyarawa, sai ƙari ɗaya: ta magance tari mai daɗewa da taurin bayan gida in tana da su, don yunƙuri na ƙara saukar da shi. Kin gani ko, Dakta? Irin wannan Hajiyar suna nan birjik a cikin birni, matan manya da 'yan kasuwa da ma'aikata, suna fama a ɓoye da ƙunzugu a jaka, kuma da yawansu ba za su buɗe wa namiji ba. Ki gaya wa Yayanki wannan ma ɓangaren aikin ne, kuma masu iya shi ba su da yawa.

Baban Khalifa: Af, to ashe akwai cefanen. Na janye rabin maganata.

Maman Hanifa: Rabi kawai? Allah ya shirye ka Baban Khalifa.

Abban Sultana: Don Allah a taimaka, ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba. Ƙanwata ta haihu kwana shida da suka wuce bayan naƙudar kwana biyu, ɗan bai zo da rai ba. Tun jiya shimfiɗarta a jiƙe take, ba ta san lokacin da yake fita ba. Tsofaffi sun ce a bari ta gama wankan jego, in an yi arba'in sai a ga abin da za a yi. Wani kuma ya ce ai ko an je asibiti sai bayan wata uku ake taɓawa.

Anti Nas Mai Ritaya: Allah ya jiƙan yaro, ya ba ta lafiya. Ɗana, kada ku jira arba'in. Jiran wata uku tsohon tsari ne, kuma yana cikin abubuwan da Dakta Kees ya sauya: a sa robar fitsari tun abin yana sabo a bar ta makonni, mace na shan ruwa sosai. In mafitsara ba ta cika tana miƙewa ba, ƙaramar ƙofa kan haɗe da kanta ba tare da an yi aiki ba, wadda ba ta haɗe ba kuma a ɗinke ta da wuri da zarar wurin ya yi tsabta. Kada a hana ta ruwa, kada a cusa mata komai, a dakatar da ruwan zafin nan mai ƙuna. Wace jiha kuke?

Abban Sultana: Jigawa, wajen Gumel.

Dakta Babba: Ku tafi babban asibitin Jahun gobe da sassafe, suna da sashen masu yoyo. Ku tafi da katin awonta in tana da shi, da mace guda da za ta zauna da ita. In akwai zazzaɓi, ko wari mai ƙarfi, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarta, kada ku kwana, ku kama hanya yanzu.

Abban Sultana: Jikinta da zafi tun la'asar. Bari in nemo mota.